Numfashin Gaban Amshi

SHAFI NA 19

Salamu alaikum, mutanena. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafin nan yau ba, za ta zo ta ƙwace wayata. Ga shi, a yi haƙuri, ni kaina sai da na ajiye rubutun sau biyu kafin na iya kai shi ƙarshe. Wanda ya shigo yanzu, ga inda muke: Auta mawaƙin gambarar zamani ne, shi ke ba da labarin da bakinsa. Yayansa ne furodusansa, shi ya haɗa masa kiɗa shekara bakwai, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a situdiyo ya rasu, wata uku da suka wuce. Yau ake miƙa sabon albam ga kamfani, Auta kuma ya rantse sai ya fitar da Yaya daga ciki.

*

"A cire," na ce. "Duk abin da hannunsa ya taɓa a albam ɗin nan, a cire shi."

Baba Injiniya bai ko waiwayo ba. Dattijo ne mai furfura, shekara talatin ya yi yana gyaran sauti a gidan rediyo kafin ya ajiye aiki, shi kamfani ya ɗauko ya ƙarasa abin da Yaya ya bari. Tun zuwansa ya ƙi zama a kujerar Yaya mai juyawa. Ta roba ya jawo, ya bar waccan a gefe yadda mai ita ya tashi ya bar ta.

"Duka, mawaƙi?"

"Duka. Ka ware mini muryata ita kaɗai. Zan nemo wani ya zuba sabon kiɗa a ƙarƙashinta."

"Ƙarfe huɗu manajanka zai zo karɓa. Yanzu sha ɗaya ta gota."

"Sai ya jira wata guda. Ba gudu albam ɗin zai yi ba."

"Wa zai zuba maka kiɗan? Na ji an ce furodusa uku ka kora cikin wata biyu."

"Ba su iya ba ne. Duk wanda ya ɗauki muryata sai ta fito kamar ta mai mura."

"Hmm," in ji Baba.

"Auta."

Matar Yaya ce, Anti nake ce mata. Tana zaune a bakin doguwar kujerar da ke jikin bango, makullin situdiyon a dunƙule a hannunta. Situdiyon a bayan gidansu yake, taku goma daga ƙofar kicin ɗinta, amma tun ranar da ta tsinci mijinta a ƙasa a ɗakin ɗaukar murya ba ta ƙara takowa nan ba sai yau. Ko yanzu ma ta juya wa ɗakin baya. Ni ma ban cika son kallonsa ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai tagar gilas, makirfo a tsaye a tsakiya, ƙofarsa kuma ba ta rufuwa daidai, kullum a ɗan buɗe kamar wani ya fita zai dawo yanzu.

"Auta, mutumin nan ko wata huɗu bai yi a ƙasa ba."

"Anti, ba da shi nake faɗa ba."

"Da wa kake yi?"

"Da masu cewa an binne ni tare da shi!"

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son Yaya, har gobe ina sonsa. Amma wata uku ke nan duk bidiyon da na saka, in na leƙa ƙasansa magana ɗaya ce: makaɗi ya tafi, mawaƙi ya ƙare. Wani ma cewa ya yi ni lasifika ce kawai, an zare mini waya. Ni da na cika littafi goma sha biyu da rubutun hannuna! Abin yana cina, yana cina, har na wayi gari ina jin haushin mutumin da ba zai iya ba ni amsa ba. Wannan ita ce gaskiyar, kuma na san ba ta da daɗin ji.

"Ka riga ka faɗa wa duniya a rediyo," in ji Anti. "Bai ishe ka ba?"

Ba ma tayar da maganar rediyon nan a gidan. Ranar da Yaya ya rasu, da hantsi, ina gidan rediyo ana hira da ni kai tsaye. Mai shirin ya tambaye ni tsakanin furodusa da mawaƙi wa ke da waƙa, ni kuma baki ya ɗebe ni na zuba abin da na zuba. Ban fita daga harabar gidan ba aka kira ni aka ce in zo maza. Abin da ya riƙe ni tun daga ranar shi ne abin da Anti ta gaya mini bayan an binne shi: bai ji hirar ba, rediyon situdiyo a kashe ta tarar da shi.

"Ke kika ce bai ji ba," na ce.

"Haka na ce. A kashe na same shi."

"To a bar maganar. Baba, bismilla."

Baba Injiniya ya yi ajiyar zuciya. Ya buɗe tsohuwar waƙarmu, wadda ta fara fito da ni, da muka sake sakawa ta zama ta farko a albam ɗin. Layuka suka jeru a fuskar kwamfuta, kore, ja, ruwan ɗorawa, kowane da sunansa a gefe, da irin gajarce kalma ta Yaya.

"Zan riƙa kashewa ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Inda ka ce in tsaya, sai in tsaya."

Ya kashe ganga. Waƙar ta yi sako-sako, amma tana tafiya.

"Ci gaba."

Ya kashe bes, gurnanin nan da ke sa gilasan mota rawa.

"Ci gaba."

Ya kashe fiyano. Ya kashe tafi. Ya kashe wani ɗan ƙas-ƙas da ban taɓa lura da shi ba sai da ya ɓace.

"Mene ne wannan kuma?"

Anti ce ta amsa, ba tare da ta ɗago ba. "Kwalin ashana ne. A kicin ɗina ya ɗauka."

Sai muryata ta rage ita kaɗai a cikin ɗakin. Jama'a, in kun ji ta! Tsaf-tsaf, kowace kalma a kan ƙafarta, baiti yana bin baiti babu tuntuɓe. Na miƙe tsaye, na ware hannuwa.

"Kun ji? Kun ji ko? Babu ganga, babu komai, kuma waƙa tana nan da ranta. Abin da nake ta faɗa ke nan! Kalmomina mutane suke haddacewa. Wa kuka taɓa gani yana tafiya a titi yana rera bes?"

"Saura layi ɗaya," in ji Baba.

"Wane layi? Ai muryata ce kawai ta rage."

Ya nuna da linzamin kwamfuta. Can ƙasa, ƙarƙashin layin muryata, akwai wani siriri mai launin toka. Babu komai a kansa sai 'yan ɗigo-ɗigo nan da can. Sunansa harafi ɗaya ne: N.

"Shi ma nasa ne. In cire?"

"Cire mana."

Ya danna, ya mayar da waƙar farko.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Muryata ce, kalmomina ne, amma babu mutum a ciki. Layi ya ƙare, shiru ɗif, wani layin ya faɗo daga sama. Babu jan iska, babu sauke ta. Abu yana ta magana, yana ta magana, kuma ba ya numfashi. Tsigar jikina ta tashi tun daga wuya har duga-dugai.

"Kashe!" na ce. "Me ka yi wa muryata?"

"Ban taɓa ta ba. N ɗin nan numfashi ne, mawaƙi. Duk jan iskar da ke cikin waƙar nan a kan wannan layin yake."

"To ai nawa ne. Ware shi gefe kawai ya yi."

Baba ya dubi Anti. Anti ta dubi makullin hannunta.

"Kunna masa shi kaɗai," ta ce.

Ya kashe muryata, ya bar layin toka. Shiru. Sai aka ja numfashi a cikin lasifika, a hankali, cikakke, daga ƙasan ƙirji, da wani ɗan sauti a ƙarshe irin na mai shirin yin dariya.

Na san shi. Wayyo Allah, na san shi. Shekara ashirin ɗakinmu ɗaya da mutumin nan. Haka yake yi kafin ya kira ni, haka yake yi kafin ya ce mini "sake ɗauka." Na zauna a kan hannun kujera. Na waiwaya ɗakin ɗaukar murya ba tare da na yi niyya ba. Babu kowa a ciki sai makirfo.

"Ƙarya ne," na ce.

"Akwai asalin abin da ka ɗauka ranar, kafin ya sa masa hannu," in ji Baba. "Ba ya goge komai, mutumin nan. Kana so ka ji?"

Bai jira amsata ba. Ya kunna shi tare da ganga.

Tun ina yaro nake da asma, duk wanda ya san ni ya san ina yawo da abin shaƙa a aljihu. Amma ban taɓa jin kaina daga waje ba. Layi biyu na farko lafiya lau. A na uku sai ga wani siririn fito yana fita daga ƙirjina. A na huɗu na haɗiye kalmar ƙarshe don in samu iska, na shigo na biyar a makare, ganga ta riga ta wuce ta bar ni ina binta da gudu. Ga tari. Ga ni ina cewa, "Yaya, ya yi?" Ga muryarsa daga nesa, ta bayan gilas: "Ya yi ras, Auta. Je ka huta."

"In ka tafi hutawa, shi kuma sai ya zauna," in ji Baba. Ya faɗaɗa layin muryata har ya cika fuskar kwamfutar, sai ga tsaga-tsaga ko'ina kamar an bi shi da reza. "Na ƙirga na waƙar nan. Yanka ɗari biyu da goma sha huɗu. Kowace kalma ya ɗauke ta ya ajiye inda ya kamata ta zauna. Ya cire fiton, ya cire tarin. To in ka cire wa mutum numfashinsa dole ka mayar masa da wani, in ba haka ba abin da ka ji ɗazu za a ji. Sai ya shiga ɗakin can ya yi maka."

"Kowace waƙa?"

"Kowace waƙa. Na daɗe a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba. Wasu numfashi ɗaya suke kwafa su yi ta liƙawa. Shi kowane layi da nasa. Na fushi daban, na dariya daban."

Na juya wajen Anti. "Kin sani?"

"Tun waƙar farko."

"Shekara bakwai, Anti! Kina kallona ina cika baki a gaban mutane, ba ki ce mini komai ba?"

"Ya hana ni. Ya ce ranar da ka sani ba za ka ƙara shiga ɗakin can da ƙarfin zuciya ba, kuma ƙarfin zuciyar nan shi ne muryarka." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce ba sabon aiki ba ne a wurinsa. Wai kuna yara in ciwon ya tashi, shi yake dafa maka ƙirji yana cewa ka bi nasa, ja, sauke, ja, sauke, har ka dawo daidai."

Na tuna. Na kuma tuna yadda yake tsayawa a bayana a kan dandamali da nasa makirfon, yana kama mini ƙarshen kowane layi. Ni duk zatona ado ne.

Amma kun san halina. Ko an kayar da ni sai na ce santsi ne. Kunya ta rufe ni, nan take ta juye ta zama faɗa.

"To na ji! Ya gyara, ai aikinsa ne gyara. Amma wa ya rubuta? Baitin da na yi wa mahaifinmu, wanda manyan maza ke kuka in sun ji, akwai kalma ɗaya tasa a ciki?"

"Babu," in ji Baba. "Na duba ko'ina, ko wasali bai rubuta maka ba. Kalmomin naka ne, kuma masu nauyi ne, ban raina su ba."

"Shi ma haka yake cewa," in ji Anti. "Akwai kiɗa sama da ɗari a cikin kwamfutar nan da ba wanda ya taɓa ji. Na ce ya ba wasu mawaƙan mana, ya ce a'a, sai Auta ya shiga ciki tukuna suke zama waƙa."

Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na laluba abin da ya rage mini na kare kai, na samo guda ɗaya.

"Waƙa ta tara," na ce. "Ta tara fa? Kiɗan nasa ne, na yarda. Amma saura mako guda ya rasu na ɗauki muryar, bai kai ga gyara ta ba. Kai ka gyara, Baba. Mun sake ta ita kaɗai mako biyu da suka wuce, kuma ta fi duk waƙoƙina tashi. Me mutane suka fi so a cikinta? Dogon numfashin nan na gaban amshi. Shi ake kwaikwaya a bidiyo, a dafe ƙirji a ja iska, sannan amshi ya faɗo. Wannan dai nawa ne. Ko shi ma daga kabari ya aiko mini?"

"Auta!" Anti ta daka mini tsawa.

Baba Injiniya ya kau da kai. Ya cire tabarau ɗinsa, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Baba, magana nake yi."

"Naka bai yi ba a wurin," ya ce a hankali. "Tari ne. Da na ga yadda marigayi yake aiki, sai na bi sawunsa. Akwai folda da ya tara numfashinsa a ciki, an jera da lamba. Na ɗauki fayil na ƙarshe, don na ga ya rubuta tara a jikinsa."

"Na ƙarshe?" Anti ta ɗago kai a karon farko. "Yaushe ya yi wa ta tara? Ni ce mini ya yi bai fara ba."

"Ban duba ba, 'yata. Fayil ne dogo, kusan duk shiru ne. Na hango wani babban tudu a cikinsa, na saurari wurin kawai, na ji ya yi kyau, na yanko. Akwai wata ƙara a bayansa, na ce ko makirfo ya buge."

"Buɗe," ta ce.

Ya buɗe foldar. Sun fi ɗari uku. Ya gangara har ƙasa, ya tsaya a kan na ƙarshe, ya danna don ya ga bayaninsa. Sai ya janye hannu daga kan linzamin da sauri.

Na leƙa ta kan kafaɗarsa. Kwanan watan na san shi fiye da ranar haihuwata. Ranar ce. An fara ɗauka ƙarfe sha ɗaya saura minti biyar na safe. Tsawonsa minti arba'in da ɗaya.

"Inna lillahi," in ji Baba. "Wallahi ban sani ba. Wallahi, 'yata, ban duba ba."

"Kunna daga farko," in ji Anti.

"Anti, kar..."

"Ka ce a cire duk abin da yake nasa. To ka fara jin abin da za ka cire."

Baba ya kunna.

Ƙofar ɗakin can ta yi kukanta a cikin lasifika, irin wanda take yi har yau. Taku biyu. Gyaran murya. Sai muryarsa, kusa, kamar yana tsaye a tsakaninmu.

"Ta tara. Layi na ɗaya."

Ya ja numfashi. Ya sauke.

"Layi na biyu."

Ya ja. Ya sauke. Haka har layi na shida, ba wanda ya motsa a cikinmu. Sai aka ji yana laluben aljihu.

"Af, lokacin hirar yaron nan ya yi. Bari mu ji me zai ce."

Anti ta toshe baki da hannu. Gaskiya ta faɗa mini, rediyon situdiyo a kashe yake. A wayarsa ya kunna.

Sai ga muryata, 'yar ƙarama, daga cikin wayarsa, tana dariya.

"Furodusa? Haba, malam! Ai latse-latse ne. Yau duk wanda ya samu kwamfuta zai haɗa kiɗa. Ni ne waƙar. Ka ɗauke kiɗan Yaya ka sa mini bugun bokiti, wallahi sai ta tashi. Shi yana zaune a kujera mai juyawa yana shan iska, ni nake ƙarar da numfashina."

Ni nake ƙarar da numfashina. Haka na ce. Na ma manta na faɗi wannan.

Mai shirin ya yi dariya, ni ma na yi. Sai ƙit, Yaya ya kashe wayar.

Shiru. Na zuba wa agogon kwamfuta ido yana tafiya, daƙiƙa goma, ashirin, talatin. Ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ya zage ni. Ya kira ni butulu, ya kira ni komai, in dai ji ya fitar da abin daga ransa.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Auta ke nan," ya ce.

Can kuma ya ce, "To. Saura na gaban amshi. Mu ƙarasa masa."

Ya ja.

Kun san shi. Duk wanda ya ji waƙa ta tara ya san shi. Dogo, mai zurfi, yana hawa yana hawa, da 'yar rawa a can ƙarshe, wurin da masu sharhi suka ce a nan na nuna gwanintata. Na jira ya sauke.

Bai sauke ba.

Wani abu mai nauyi ya bugi ƙofa. Ƙarfen makirfo ya yi ƙara, ya yi shiru.

"Tsaya!" Anti ta miƙe, makullin ya faɗi ƙasa. "Tsayar da shi, Baba! Saura minti nawa?"

Baba ya tsayar. "Ashirin da tara."

"Ashirin da tara," ta maimaita. "Ina kicin. Taku goma. Ina yanka albasa ina jin hirarka a tawa wayar, ina cewa Allah ya sa bai ji ba. Na ƙi shigowa don kar ya ga fuskata ya tambaye ni me ya faru." Ta dubi can ƙarshen layin, inda wasu dogayen tsinaye suka tashi suka cika fuskar kwamfutar. "Waɗancan na ƙarshen, ihuna ne da na same shi. Kar wanda ya kunna."

Ƙirjina ya ɗaure. Na zaro abin shaƙa na shaƙa sau biyu, bai buɗe ba. Mako biyu ke nan ina kallon mutane suna dafe ƙirji suna dariya a bidiyo, ni kuma ina danna musu alamar so. Ni kaina na yi nawa bidiyon, a gaban madubi, da sabuwar riga.

"Mawaƙi," in ji Baba, "laifin yankowa nawa ne, na ɗauka. Amma yanzu magana tana hannunka. In ka ce in cire shi daga albam, yanzu zan cire. In ka ce in bari, zan bari. Ba zan zaɓa maka ba."

In na cire, na goge aiki na ƙarshe da ya yi a duniya, kuma ni ya yi wa. In na bari, za a ci gaba da rawa da fitar ran ɗan'uwana. Na buɗe baki ban san me zai fito ba.

Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Umma ce, mahaifiyarmu.

"Ni na gaya mata da safe abin da kake shirin yi," in ji Anti a hankali. "Ɗauka. Amma ba ta san wannan ba."

Na ɗauka. Garin sauri na danna lasifikar wayar ban sani ba.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"An ce mini za ka cire Yayanka daga waƙoƙin."

"Umma, ni..."

"Ba faɗa na kira in yi ba. Aikinku ne, ni ban san kansa ba. Abu ɗaya zan roƙe ka. Sabuwar nan da ake ta sawa, akwai wurin da ake jan numfashi kafin a shiga amshi. Ka bar mini shi."

Na dubi Anti.

"Kar ka ce mini naka ne, ni na haife ku. Ranar da na fara jin ta ina wucewa ta gaban wani shago, sai da na dafa bango. Tun daga nan kullum sai na sa an mayar mini da wurin, in ji ɗana yana numfashi."

Anti ta sulale ta durƙushe a ƙasa. Baba ya sunkuyar da kai.

"Sai dai wani abu yana damuna," in ji Umma. "Na saurara, na ƙara saurara. Ba haka yake ja ba in yana cikin daɗin rai. Haka yake yi tun yana ƙarami, in an ɓata masa ya ƙi faɗa."

Sai ta sassauta murya.

"Auta, kai ne kullum tare da shi. Wa ya ɓata masa rai ranar?"